Alif ɗin da Babu a Sunan Baba

Talata, 2 ga Satumba 1958, bayan la'asar

Sun hana Baba kiran salla.

Na rubuta shi ƙarara don in gani da idona, ko zan yarda. Shekara talatin da ɗaya yana hawa matakalar masallacin unguwarmu a nan Birni. Zazzaɓi bai hana shi ba, ruwan sama bai hana shi ba, ranar da aka binne yayana ma da muryarsa aka yi magariba. Yau Liman ya aiko a ce masa ya ɗan huta har magana ta lafa. Wa ya ce musu ya gaji?

Maganar kuwa takarda ce. Wata mujalla ce ta masu binciken addinai da ake bugawa a Faransa, shafi goma sha ɗaya, har da hoton Baba zaune a rumfarsa ta dukanci yana ɗinkin alabe. Mushe Tesiye ne ya rubuta, Bafaranshen da na yi wa tafinta wata bakwai, wanda mutanen gari suka raɗa wa Sarkin Tambaya. Wai ya gano a Damagaram wani gida na Kiristocin zamanin da, masu ɓoye addininsu a tsakiyar Musulmi. Gidan namu ne.

Hujjarsa uku. Sunan Baba Mai Nasara. Zanen da yake yi a fata ya yi kama da gicciye. Rumfarsa a rufe take ran Lahadi.

Ran Lahadi kasuwar Mirya ke ci, can yake kai kaya. Jakin unguwar nan ma ya san haka.

Laraba, 3 ga Satumba, da hantsi

Tahiru ne ya kira asuba. Shi ke riƙe wa Baba azahar da la'asar ran Lahadi in ya tafi Mirya, yanzu biyar ɗin duka sun zama nasa. Muryarsa ba ta kai rijiyar bakin hanya. Rabin unguwa sun makara, ba wanda ya yi ƙorafi.

Mutari ne ya hura wutar nan, ɗan wan Tahirun, komi, wato akawu, a kantin sayen gyada. Shi ya samo mujallar wajen wani mushen lakwal, malamin makarantar boko, ya zauna da ita ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar masallaci yana fassara wa mutane layi-layi, yana ƙara gishiri. Na san abin da ke cinsa. Watan jiya ya roƙi Baba in ya gama kira ya tsaya a kan matakala ya gaya wa jama'a abin da za su jefa ran wote, ƙuri'ar 28 ga wata kan zamanmu da Faransa, wi ko no, wato i ko a'a. Baba ya ce masa matakalar nan don magana ɗaya aka gina ta. Laifin ke nan.

Abin da ke ƙona mini rai, babu wanda bai san ma'anar sunan nan ba. An haifi Baba ranar da mayaƙan Damagaram suka dawo daga wani yaƙi da nasara, tun Turawa ba su tako ƙasar nan ba. Suma'ila aka raɗa masa, laƙabi ya cinye suna. A baki, nasarar cin yaƙi daban take da Nasara da ake kiran Bature ko Kirista. Ɗaya ƙarshenta ake ja, ɗaya tsakiyarta, ɗan yaye ma ba ya haɗa su. A boko ne kawai suke zama abu guda, harafi shida ba ƙari ba ragi.

To me ya sa suka yarda? Saboda wani layi da ƙananan haruffa a ƙasan shafi na huɗu, wai wani na cikin gidan ne ya tabbatar da maganar. Da Mutari ya kawo nan, duk ido ya dawo kaina. Na ce ni tafinta ne, abin da aka faɗa nake juyawa, Bature ya ƙaga abinsa ne. Ba wanda ya ce in rantse.

Alhamis, 4 ga Satumba, bayan azahar

Na rubuta wa Mushe Tesiye shafi uku, na kai fosta da kaina, ta jirgin sama. Na ce ya janye maganarsa a rubuce, ya sa hannu. Liman ya ce in wanda ya rubuta ya ƙaryata kansa, Baba zai koma matakala a ranar. Na ce masa kwana ashirin ya isa.

Da na dawo, Baba ya ɗago kai daga fatar da yake yanka ya ce, “Allah ya kai ta lafiya.” Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Juma'a, 5 ga Satumba, da yamma

Tahiru ne ya kira.

Asabar, 6 ga Satumba, da walaha

Bari in rubuta yadda mutumin nan ke aiki, ko wani zai yi hattara. Akwatin katako gare shi cike da katuna. Fari na Musulmi, kore na 'yan bori da Azna, shuɗi na Katolika, rawaya na Furotesta. Duk wanda muka zanta da shi sai ya shiga kati, a ba shi lamba, a rufe akwati.

Lahadi goma sha biyu na zauna a bayan egiliz, majami'ar Katolika, cikin komi-komin Dahome da Togo, hayaƙin turare na shiga mini hanci, fada, limaminsu, na karatu da Latin wanda su ma ba sa ji. Lahadi tara na zauna a majami'ar Furotesta, ɗaki fari fat babu hoto ko ɗaya, mutum ashirin ba su cika ba, suna waƙa da Hausa. Abin da ya raba su na san shi fiye da yawancin masu zama a bencin. Shekara ɗari huɗu da wani abu ke nan wani malamin Jamus ya yi wa Fafaroma tsaye, ya ce ba a samun gafara da takardar hannun mutum, kuma Littafi ya ishi kowa ba sai da fada a tsakani ba. Aka yi ta yaƙi a kai har aka gaji. Kafin nan ma da wajen shekara dubu, Kibɗawan Masar da mutanen Habasha sun ware kan gardamar ko Annabi Isa ɗabi'a ɗaya gare shi ko biyu. Mushe ya koya mini duk wannan a kan hanya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin koyonsa. Na ɗauki kaina mai ilimi.

Kibɗawan nan ne suka hana shi sakat. Wai akwai masu cewa wasunsu sun ratso hamada tun Musulunci bai iso nan ba, kuma duk wanda ya gano sawunsu ya gama suna a Paris. Babu kati mai launinsu a akwatin. Sai da ya aika kanti aka sayo jar takarda ya yanka da kansa. Kati ɗaya tak ya yanka.

Almakashin Baba na aro masa.

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

Inna ta roƙe shi har da hawaye ya buɗe rumfa yau, ko sau ɗaya, don mutane su gani. Ya ce masu alabe na jiransa a Mirya, kuma bai taɓa rufe rumfa don idon wani ba, ba zai buɗe don idon wani ba. Ya ɗaure wa jaki kaya ya bi ta ƙofar masallaci, ta gaban Mutari da 'yan zamansa, ya yi musu sallama. Mutum biyu suka amsa.

Taurin kan tsohon nan zai kashe ni. Ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin kaina da nake jin haushinsa.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan la'asar

Yau kam an gama da mu.

Da hantsi sai ga fadan Katolika a kan keke, farar riga har ƙasa, gemu har ƙirji. Shi ma ya karanta mujallar. Bai gama jingine keken ba sai ga motar Ba'amirken Furotesta, mai kantin littattafai, wanda Hausarsa ta Kano ta fi ta wasu 'yan gari. Tare da shi akwai Tanimu, ɗan garin Hamdara, wanda muka yi benci ɗaya a lakwal, ya shiga addininsu shekara shida ke nan. Mota da keke a ƙofar rumfar mutumin da ake zargi da Kiristanci, rana tsaka, unguwa duka ta fito kallo. Mutanen nan sun iya tsaga gardama ta shekara dubu da ɗari biyar, amma ba su san inda ba a tsayar da mota ba.

Baba ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya koma ɗinkinsa.

Fada ya fara. Ya ce in gidan nan tun kafin rabuwa yake, to 'ya'yan uwa ne da suka ɓace a hanya, kuma ƙofar uwa a buɗe take. Ba'amirke ya ce gado ba ya ceton kowa, ko kakan mutum waliyyi ne, sai shi da kansa ya ba da gaskiya da hankalinsa, a nutsar da shi a ruwa yana babba. Yayyafa wa jariri ruwa a goshi ba baftisma ba ce. Fada ya yi ja har kunne. Ya ce baftisma ɗaya ce, ruwan goshi ya isa, kuma haka ake yi tun ƙasar Amirka ba ta da suna. Hausar fada ta ƙare a nan, Faransancin Ba'amirke kuwa ba ya kai shi ko'ina. Wa ya koma tafintarsu? Ni. Na tsaya a rumfar ubana ina juya wa Turawa biyu gardama kan yadda za a jiƙa shi.

Baba na jin mu, basilla na shiga tana fita. Can ya dubi Ba'amirken.

“A nutsar da mutum gaba ɗaya? A garin nan? Da wane ruwa?”

Har Tanimu sai da ya sunkuyar da kai yana dariya. Garin da mata ke kwana uku suna bin layin rijiya da rani.

Sannan Baba ya ɗaga alaben da ke hannunsa ya nuna musu zanen.

“Wannan mararraba sunansa. Haka ubana ya koya mini, haka aka koya masa. Hanya biyu ce ta haɗu, kowa ya wuce abinsa. Ni Musulmi ne. Kun sha ruwana, na gode, ku gaida gida.”

Gaskiya sun tashi da ladabi. Fada har ya ba da haƙuri, ya ce bai san abin ya kai haka ba. Me haƙurinsa zai gyara? Kafin azahar labari ya kai Zango cewa Turawan majami'a biyu sun zo rabon Mai Nasara. Mutari na tsaye gindin ceɗiya, hannu a aljihu, bai ma buƙaci ya ce komai ba.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

A sahu wani ya janye kafaɗarsa daga ta Baba. Na gan shi da idona, kuma kuben wuƙar da ke ɗamararsa ɗinkin Baba ne.

Da muka dawo mun tarar wani malami ya aiko da gafakar da ya saya shekara takwas da suka wuce, wai ba zai ajiye Alƙur'ani a cikin gicciye ba. Shekara takwas tana rataye a wuyansa bai ga gicciye ba, sai da Bature ya nuna masa daga Faransa. Baba ya karɓa, ya duba ɗinkin, ya ce igiyar ta ci, ya zauna yana sake mata wata.

Asabar, 13 ga Satumba, da yamma

Na je kantin littattafai don in sauke wa Tanimu abin da ke cikina. Na same shi shi kaɗai yana kakkaɓe kanta. Na faɗi maganganu. Na ce su da fadansu da Ba'amirkensu da Sarkin Tambaya duk kanwar ja ce, sun taru sun shafa wa ubana ƙazanta.

Ya ajiye tsumman.

“Sunan da kake kira ƙazanta nawa ne, Alkasum.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya roƙi Ba'amirken kada ya je, bai ji ba. Ya ce shi a tafkin bayan gari aka nutsar da shi da damina, mutane na jifa daga gaɓa, kuma tun ranar dangin uwarsa ba su ƙara sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi ba. Shekara shida, bai rubuta wa kowa wasiƙa ba, don shi ya zaɓa. Baba kuwa bai zaɓi komai ba, shi ya sa abin ya zama zalunci, kuma ya ce zai faɗi haka gaban kowa in an tambaye shi.

Na juya zan fita, sai ya ce, “Mushe ba ya jin Hausa ko ta sayen goro. Wa ya buɗe masa kalmar?”

Ban tsaya ba. Ɗan rainin wayo, wa ya sa shi alƙalanci?

Litinin, 15 ga Satumba, da hantsi

Tahiru ne ya kira. Baba ya tambaye ni ko jirgi ya sauka. Na ce tukuna.

Laraba, 17 ga Satumba, bayan azahar

Inna ta ja ni gefe ta ce in leƙa ƙuryar gida in lokacin salla ya yi. Na leƙa. Baba na tsaye wajen turken awaki, ya fuskanci gabas, yatsu a kunne, leɓɓansa na motsi ba sauti. Daidai lokacin yake yi, ba ya jiran Tahiru, don Tahiru kullum sai ya makara. Ta ce tun ranar farko haka yake yi, sau biyar.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Ban ci tuwon rana ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, da yamma

Na tsani Mutari. Na tsani Liman da tsoronsa na bakin mutane, mutumin da ya yi shekara ashirin yana ta da kabbara bayan muryar Baba. Na tsani masu zaman ceɗiya, gari duka na gardamar wi da no, wai za mu karɓi ƙasarmu daga hannun Faransa, amma takarda ɗaya ta zo daga Faransa sun yarda da ita sun bar abin da kunnensu ya ji shekara talatin. Na tsani akwatin nan da katunansa. Na tsani ilimin da zai zauna a kan tabarmarka, ya sha furarka, ya tambaye ka lafiyar iyali, ashe launin katinka yake nema.

Akwai wata rana cikin Fabrairu, a barandar masaukin Mushe.

Ba yau ba.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Liman ya kira ni. Ya ce Mauludi ya kama ran Juma'a mai zuwa, ba za a shiga da ladanin aro ba. In wasiƙa ba ta zo ba kafin la'asar ɗin ranar, zai danƙa wa Tahiru makullin masallaci, magana ta mutu. Na ce, Allah gafarta Malam, kun san mutumin nan. Ya ce ya san shi, amma shi limamin mutum ɗari ne, ba na mutum ɗaya ba.

Baba ya tambaya ko jirgi ya sauka.

Litinin, 22 ga Satumba, da walaha

Wasiƙa ta zo.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Tahiru ne ya kira. Baba ya tambaya ko jirgi ya sauka. Na ce tukuna. Tana cikin aljihun rigata ina faɗar haka, ina jin gefen ambulan a ƙirjina.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan azahar

To. Kayen nan, littafin da nake rubutu a ciki, nawa ne, ba mai karanta shi sai ni, kuma mako uku ina yi masa ƙarya.

Mushe Tesiye ya rubuto da ladabi, kamar kullum. Ya ce ransa ya sosu da abin da ya sami Baba. Amma ba zai iya janye komai ba, don bincike a kan shaida yake tafiya, kuma musun da ake yi yanzu shi ne daidai abin da ake tsammani daga mutanen da suka saba ɓoyewa. Ka ji fa. In Baba ya yarda, Kirista ne. In ya musa, ya ƙara tabbata. Ya ce in muna so, zai sa ɗan layi a fitowar baɗi cewa iyalin ba su amince ba.

Ya haɗo da takarda biyu. Ta farko hoton kati mai lamba 114 ne, jan katin nan. Rubutun hannuna ne, da Faransanci. Ga abin da na rubuta: Mai Nasara, yana iya ɗaukar ma'ana biyu, tsofaffin gidan ba sa son a yi maganar gaban baƙo.

Ta biyu takardar Dakar ce. An ba ni gurbin mataimakin mai bincike daga watan Nuwamba.

Ga yadda aka yi. Ranar nan ta Fabrairu Mushe ya zauna ya yi tagumi. Wata shida yana gari bai sami wani sabon abu ba, ya ce a Dakar ba sa ɗaukar tafintan wanda ya koma hannu wofi. Yana jujjuya katuna sai idonsa ya faɗa kan sunan Baba, da boko, da hannuna. Ya miƙe zaune. Ya ce, Nasara, kamar Kirista? Na san amsa. Kalma ɗaya ce, a'a. Na dubi fuskarsa, na tuna Dakar, na ce ana iya karanta shi iri biyu. Na gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, a takarda haka ne. Ya ce me ya sa Baba bai taɓa faɗa ba? Na ce tsofaffi ba sa son maganar. Zanen da Lahadi shi ya tsinto su da kansa daga baya, ni kuwa ina tsaye ina riƙe masa jaka, ban ce mararraba ba, ban ce Mirya ba.

Na ɗauka takarda ce za ta tafi Paris ta kwanta a kanta, Turawa goma su karanta su manta. Ban san takarda na dawowa gida ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan la'asar

Na kunna ashana sau biyu na kashe. In na ƙone wasiƙar, gobe Tahiru ya karɓi makulli. In na kai ta na juya yadda nake so, Mutari na jin Faransanci, zai tsaya a kaina. In na karanta yadda take, na gama yawo a garin nan.

Inna ta shigo da wanki ta tarar da ni da ashana a hannu. Ba ta iya karatu, amma ta san tambarin jirgi da ke jikin ambulan. Ta ajiye kayan a kan gado tana ninkewa, ba ta dube ni ba.

“Tun ranar farko ya sani. Wa ke jin yaren Bature a gidan nan ban da kai?”

Na ce to me ya sa kullum yake tambayar jirgi.

“Ba jirgi yake jira ba.”

Juma'a, 26 ga Satumba, da yamma

Bayan la'asar, a ƙofar masallaci, Liman ya fito da makulli a hannu. Na ce a dakata, wasiƙa ta zo tun Litinin. Mutari ya zo ya tsaya a bayana yana leƙen takardar don kada in karkace. Bai sami abin gyara ba. Na karanta duka, har katin, har takardar Dakar. Na ce na cikin gidan da aka ambata ni ne. Na ce babu tsohon da ya taɓa gaya mini komai, na san ma'anar sunan, na bar Bature a kan kuskure don in sami Dakar.

Wani ya yi salati. Mutari ya fara dariya, da ya ga shi kaɗai ne ya bari. Can nesa wajen rijiya na hango Tanimu tsaye, ya zo ba da shaida ba a nema ba.

Baba na zaune a bakin tabarma, a ƙarshen jama'a, inda yake zama tun da aka hana shi. Ya tashi ya zo gabana.

“Faɗi sunana.”

Na faɗa.

“Ban ji ba.”

Na sake, da ƙarfi, yadda uwarsa ta kira shi.

“Rubuta a ƙasa, da rubutunka.”

Na durƙusa na rubuta da yatsa. Ya ce in rubuta na Turawan a gefensa. Na rubuta. Mutane suka matso suna kallo, harafi shida nan, harafi shida can, babu ko ɗigon bambanci. Na ji wani yana cewa ashe haka bokon yake.

Baba ya zaro basilla daga aljihu, ya tsuguna kusa da ni, gwiwarsa na ƙara. Ya rubuta biyun da ajami, rubutun da na bari a allo ina shekara tara na tafi lakwal, na yi ta yi masa dariya daga baya. A na Turawan akwai alif tsaye a tsakiya. A nasa babu. Ya ɗora bakin basillar a kan alif ɗin.

“Wannan sandar ba tawa ba ce. Ban da ita aka raɗa mini. Shekara sittin da uku ba wanda ya soka mini ita sai kai.”

Sannan ya nuna Tanimu da haɓa. Ya ce wancan yaron ya faɗi abin da yake da bakinsa ya tsaya a kai, shi ya san inda zai ajiye shi. Bai ƙarasa ba, kuma ba wanda bai gane da ni yake ba.

Liman ya miƙa masa makullin da hannu biyu, yana ta ba da haƙuri. Baba ya karɓa ya ce Tahiru ya riƙe yau har asuba, tunda ya riga ya shirya wa Mauludi, bai kamata a kunyata shi ba. Ya shafe rubutun ƙasan da tafin hannu, nasa da nawa duka, ya shiga masallaci.

Har yanzu ina jin haushin Mutari, da Liman, da Mushe da akwatinsa. Amma na nemi fushin nan na makon jiya don in jingina da shi, na tarar ba ya ɗaukata.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan azahar

Takardar Dakar na nan ƙarƙashin katifa. Ban cika ta ba, ban kuma yaga ta ba. Na daina yi wa kayen nan ƙarya.

Da safe na zauna na rubuta sunan Baba da ajami a bangon kayen. Sai a karo na huɗu ya fito daidai. Na kai rumfa na ajiye kusa da fatar da yake yanka. Ya duba, ya matsar da shi gefe don kada rini ya taɓa shi, ya ci gaba da aikinsa.

Baba ne ya kira azahar. Muryar ta ɗan dushe da farko, sannan ta buɗe, ta wuce rijiya, ta wuce bakin hanya. Inna ta saki muciya ta zauna a ƙasa tana kuka. Na ji ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya kira unguwa duka. Ni bai kira ni ba tukuna.